Marka Dungun-Fiffike

A bayan garin Tudun Faru akwai wani suri da ya fi ɗaki tsawo. Wanda ya gan shi daga waje zai ce tarin jar ƙasa ne kawai, amma a ƙarƙashinsa birni ne na aljanun gara, da ganuwarsa da kasuwarsa da fadarsa. Mutanen Tudun Faru ba su san da birnin ba. Abin da suka sani shi ne gina, wato garar nan mai fikafikai da ke fitowa daga surin idan an yi ruwan farko, mata su kama su soya.

Matan garin suna da wata dabara da suke kira kiɗan gina. Idan ruwan farko ya sauka ya ɗauke, sai su kifa ƙwarya a gindin surin, su yayyafa ruwa a bakin ramuka, su riƙa buga ƙwaryar da yatsu a hankali kamar saukar ruwa a kan jinka. Gina ta ji, ta zaci ruwan ne ya dawo, ta yi ta ɓulɓulowa. Doka ɗaya ce a kan wannan kiɗa: ba a yin sa sai sama ta fara zubar da nata.

A garin akwai wata budurwa mai suna Marka, tana zaune da kakarta Dudu. Marka kunya gare ta har ta yi yawa. Ko gaisuwa za ta yi, ƙasa take gaya wa. Shi ya sa kakar ta laƙaba mata Sunkuyau. Duk shekara ranar gina mata su yi ta ture juna da gwiwar hannu, ita kuwa ta tsaya a baya da ƙwaryarta tana jiran wadda za ta ce mata bismilla. Ba mai cewa. Haka za ta koma gida da ƙwarya wayam.

Wata shekara da Marka ta shigo haka, kakar ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Sunkuyau, ina rabona? Ko kin tsaya gaishe su ne ɗaya bayan ɗaya har suka tashi?"

Maƙwabciyarsu Ta-Sallah ta leƙo ta kan katanga, bakinta yana ƙyallin mai. Ta ce, "Ƙyale ta, Dudu. Baɗi ma aro mata baki a kasuwa." Gidan ya ɗauki dariya.

Dariyar nan ta zauna wa Marka a rai har shekara ta zagayo. Da bazara ta yi tsanani, sama ba ko ƙyallen gajimare, sai wata rana da hantsi ta ɗauki ƙwarya da tulu ta nufi surin ita kaɗai. A ranta tana cewa, in ba kowa a wurin, ba wadda zan ture, ba wadda za ta kalle ni.

Ta kifa ƙwaryar, ta yayyafa ruwa, ta fara kiɗa. Hannunta kuwa mai laushi ne, kiɗan ya fita tamkar ruwan gaske. Can sai gina ta fara fitowa, amma ba irin wadda ta saba gani ba. Fikafikansu gajeru ne kamar ƙaiƙayin gero. Su yunƙura za su tashi, su faɗo, su sake yunƙurawa, su faɗo, rana tana dukansu. Marka ta tsaya da kiɗan. Kafin ta miƙe, surin ya tsage daga sama har ƙasa. Waɗansu dakarun zago guda biyu suka fito, kawunansu jajaye, manya kamar turmi, suka kama ta hannu da hannu suka ja ta ciki. Ƙasa ta rufe.

A ciki akwai sanyi da ƙamshin ƙasa mai laima. Titunan birnin duk a rufe suke da baka-bakan gini, gefe da gefe gonakin lemar kwaɗi ne farare. Aljanun suna da siffar mutane, sai dai fatarsu fara ce sol kamar kindirmo. Aka wuce da ita har fadar Magajiya, uwar birnin, wadda tsawonta ya kai na kwalekwale, bayi suna ta shafe ta suna ba ta abinci a baki.

Magajiya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ke ce ruwan sama?"

Marka ta durƙusa, ta ce da ƙasa, "A'a, ranki ya daɗe."

"To, wa ya ba ki aron muryarsa?"

Marka ta ƙara duƙar da kai.

Magajiya ta ce, "Tsakaninmu da matan garinku akwai zaman da muka gada. Ruwa ya sauka, ku yi kiɗanku, ku ɗebi rabonku, sauran su tashi su je su kafa garuruwa. Ba mu taɓa kai ƙara ba. Amma ke kin kira 'ya'yana fiffikensu bai gama tsiro ba, kuma fiffiken da ya ga rana ya daina girma ke nan. A nuna mata."

Aka buɗe wata ƙofa. Wani fili ne babba cike da 'yan mata da samari, ido ba ya ganin ƙarshensu. Kowannensu ya juya fuska ga bango, a bayansa ga waɗansu 'yan fikafikai da ba su wuce tafin hannu ba. Ba mai kuka, ba mai magana.

Magajiya ta ce, "Ni ma da nawa dungun na zauna a nan na gaji uwata, don haka ina da bakin faɗa. Sun zama dungun-fiffike. Ke ma za ki zama."

Wata baiwa ta kwaɓa jar ƙasa da miyau, ta manna wa Marka a kan allon kafaɗa dama da hagu. Wurin ya yi ƙaiƙayi, ya yi zafi, sai ga 'yan fikafikai biyu sun ɓullo. Marka ta tuna yadda take a gaban wannan taro, kunya ta rufe ta. Nan take fikafikan suka kama kaɗawa da kansu suna ƙara kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Duk fada ta juyo tana kallonta. Kallon ya ƙara mata kunya, ƙarar ta ƙaru.

Magajiya ta ce, "A wurinmu ba mai zubar da fiffike sai wanda ya tashi da shi. Ranar da 'ya'yan nan suka tashi, naki za su faɗi. Kafin nan, ƙofa a buɗe take. In kina so ki koma gida yanzu."

Marka ta hango kanta tana shiga gida tana wannan ƙara, Ta-Sallah a kan katanga. Ta ji gara ƙasa ta haɗiye ta, sai ta tuna ai ta riga ta haɗiye ta. Ta ce, "Ranki ya daɗe, a nuna mini hanyar da ake neman tashi."

Sai ɗaya daga cikin masu kallon bango ta juyo. Sunanta Yayyafi, ita ce babbarsu. Ta ce, "Uwa, zan bi ta. Ba don ina son ta ba. Bango ne ya ishe ni kallo."

Suka fita ta ƙofar gabas, Marka ta ƙudundune bayanta da mayafi. Suka yi ta tafiya a cikin wani rami mai gangara har suka ɓulla wata ƙasa da samanta ja ne, ciyawarta baƙa. A gabansu wani kogi ya gitta, amma ba ruwa ne ke gudu a cikinsa ba, kwarkwasa ce, baƙi ƙirin, tana tafiya igiya-igiya. Wani kututturen giginya ne kaɗai aka gicciya a kai.

Yayyafi ta yi ƙasa da murya ta ce, "Makafi ne, da kunne suke farauta. Ki riƙe bayanki. Ki tuna wani abu da ba na kunya ba."

Marka ta duba ranta, da ƙyar ta samo ranar da akuyarsu ta haifi tagwaye. Ta riƙe wannan, suka hau kututturen. Sun kai tsakiya sai wata murya ta taso daga kogin, muryoyi ne da yawa a haɗe.

"Muna jin ƙamshin baƙi. Muna jin ƙamshin wadda ta yi wa jarirai ƙarya. Wace ce ita, mu yi mata barka?"

Tagwayen akuya suka ɓace daga ran Marka. Fikafikan suka ɗauka. Kogin ya miƙe tsaye kamar bango, ya fara hawa kututturen ta gaba da ta baya. Yayyafi ta rufe ido. Ana cikin haka sai ƙasa ta yi girgiza, wata tsohuwar jimina mai tsawon rimi ta taho a guje, ta tsallake kogin da taki ɗaya, ta suri su biyun da baki ta jefa a bayanta, ta wuce.

Gudu take, iska tana yankar fuska. Marka ta riƙe gashin jiminar, sai ta lura da fikafikanta, ƙanana a kan wannan uban jiki, suna lilo ba aikin komai. Tana so ta yi godiya, ba ta san ta inda za ta fara ba. Sai ta ce, "Ranki ya daɗe, ashe ke ma dungun-fiffike ce?"

Jimina ta ja birki da ƙafa biyu. Marka da Yayyafi suka wuntsila ta kan wuyanta suka faɗi a rairayi.

Jimina ta sauko da kanta har daidai fuskar Marka ta ce, "'Yar Adam, da wane baki kika faɗi wannan?"

Bayan Marka ya kama ƙara. Jimina ta karkata kai ta saurara, ta sa baki ta ɗaga mayafin, ta gani. Ta ce, "Af. Kina da su. Wannan ne ya cece ki daga shuri. Amma ki buɗe kunne, don na ga ba a koya miki ba. Ba a ce wa tururuwa dungun-fiffike, ita ba ta da shi sam. Ba a ce wa ɗan tsako, nasa yana tafe. Ba a ce wa kazar da aka yanke wa gashi, nata zai dawo. Sunan na wanda fiffikensa ya gama girma ne ya tsaya ƙarami, yana ɗauke da shi, shi kuwa bai ɗauke shi ba. Kin ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Saura ɗaya. Mai shi ne kaɗai ke faɗinsa. A bakinmu suna ne, a bakin waninmu zagi ne. Ko mu ma, kowa da kansa yake farawa. Ba a nuna wani da shi kafin a nuna kai."

Marka ta ce, "Ki gafarce ni."

Yayyafi ta kakkaɓe rairayi ta ce, "Gwaggo, haka take. Ba ta cika magana ba, amma in ta yi sai an kwashe mutane a ƙasa."

Jimina ta yi wata dariya a maƙogwaro. Suka tambaye ta yadda ake tashi. Ta ce, "Ban taɓa tashi ba, ban kuma nema ba. Ƙafa na zaɓa. Amma ku bi sawuna na jiya, zai kai ku Kasuwar Fikafikai. Ku yi ciniki da ido, kada ku yi da baki."

Kasuwar tana ci ne a gindin wata kuka da ta tsiro a juye, saiwoyinta a sama. A jikin saiwoyin an rataye fikafikai kamar shanya: na shaho, na ungulu, na jemage, na malam-buɗe-littafi masu zane, duk suna motsi ba jiki. Mai kasuwar wata dillaliya ce doguwa, hancinta kamar lauje. Ta tare su da fara'a.

"Maraba da 'yan mata. Na shamuwa kuke so ko na mikiya? A gwada, gwaji kyauta ne."

Ta ɗaura wa Yayyafi fikafikan shamuwa da zare a kan nata. Yayyafi ta hau wani dutse, ta yunƙura. Nata 'yan ƙananan suka kasa ɗaga na aron, ta faɗo ta fuska a cikin ƙura. Kasuwa ta fashe da dariya. Ba Marka aka yi wa ba, amma ita ce ta ji kamar an tuɓe ta. Bayanta ya ɗauki ƙara har shanyar kukar ta yi rawa.

Dillaliya ta daina dariya. Hancinta ya buɗe. Ta matso ta ce, "Ya ke 'yar Adam, rabon da in ji kunya mai kauri irin wannan tun kafin a haƙa rijiyar farko. Ta sayarwa ce?"

Marka ta ce, "Ana sayen kunya?"

"Aljanu suna turare da ita. Ki ba ni ita duka, fikafikanki su yi shiru har abada. Ki ja mayafi ki koma gida, ba mai ji, ba mai sani. Ranar gina kuma ke za ki ture kowa."

"Yayyafi fa?"

"Ita ba ta cikin ciniki."

Dillaliya ta miƙo wata 'yar kwalba mai buɗaɗɗen baki. Marka ta kalli kwalbar. Ta ga kanta a gindin suri tana ture Ta-Sallah, ta ga kanta tana gaisuwa da kai a ɗage. Hannunta ya fara miƙewa. Sai idonta ya faɗa kan barorin dillaliyar da ke zaune a bayan rumfa. 'Yan Adam ne su ma, amma ba su da fatar ido. Ƙuda ya sauka a ƙwayar idonsu ya tashi, ba sa ƙiftawa. Ɗaya tana fige wani ɗan tsuntsu da ransa, tana kallon uwarsa ido cikin ido.

Marka ta waiwaya. Yayyafi ta tashi daga ƙura, ta je ta tsaya ta juya fuska ga jikin kukar, kamar yadda ta tsaya a gaban bango.

Marka ta janye hannunta. Ta ce da ƙasa, "Ba ta sayarwa ba ce."

"Ɗaga murya, ban ji ba."

"Kin ji, ranki ya daɗe."

Dillaliya ta tafa hannu sau ɗaya. Duk fikafikan da ke rataye suka tsinke suka yo kansu, suna mari suna yakushi. Marka ta fizgi hannun Yayyafi suka ruga. Suka bi ta cikin rumfuna, suka tsallake wani rafi na toka, suka faɗa wani fako da ba itace ba inuwa. Fikafikan sun kusa rufe su sai ga guguwa ta taso daga tsakiyar fakon, ta watsa fikafikan kamar ganye, ta naɗe su biyun ta yi sama.

Cikin guguwar ɗaki ne zagayayye. Bangonsa yana juyawa da tsummoki da busassun ganye da faifan wata da hular wani. A tsakiya wata tsohuwa ce zaune tana kaɗi, duk lokacin da ta murza mazari ɗakin ya ƙara gudu. Ita ce Uwar Guguwa.

Yayyafi ta durƙusa ta ce, "Ya mai ɗaga abin da ke ƙasa, ga mu kin ɗaga mu. Wannan ya zama tashi?"

Tsohuwa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kullum ina ɗaga tsumma. Kin taɓa jin an ce tsumma ya tashi?"

Ta juya ga Marka ta ce, "Ke kuma, me ya kawo 'yar Adam cikin kaɗina da fiffiken gara a baya? Faɗa mini tun daga farko, kada ki tsallake."

Marka ta fara. Da ta zo kan ƙwarya da tulu, bayanta ya ɗauka. Da ta zo kan yadda ginar ta yi ta faɗowa a rana, ƙarar ta danne kukan guguwar. Tsohuwa ta tsai da mazari ta ce, "Dubi ƙafarki."

Marka ta duba. Tafin ƙafarta ya rabu da ƙasa kamar kaurin yatsa. Tana gani, mamaki ya kori kunya, ta dira.

Uwar Guguwa ta ce, "Na 'ya'yan gara ƙanana ne, amma suna da yawa. Naki ƙanana ne, amma abin da ke kaɗa su ba shi da iyaka. In suka kama jikinki kowa ya kaɗa nasa, ba wanda za a ce ɗaukarsa aka yi. Sai dai kunyar da kika ji a nan ta baƙi ce, ba ta da nauyi. A ina taki ta fi nauyi?"

Marka ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "A garinmu."

"To, can ne filin tashinki. Ruwa yana tafe a bayana."

"Ranki ya daɗe, ba wata hanya?"

"Akwai. Ga auduga nan. Ki zauna ki taya ni kaɗi har ki tsufa, ba mai ganinki."

Marka ta kalli audugar, ta kalli Yayyafi. Ta ce, "A sauke mu a gida."

Guguwa ta ajiye su a ƙofar birnin gara. Suka gaya wa Magajiya, ta ce a buɗe filin bango. Washegari da safe hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka a Tudun Faru, ya ɗauke. Daga cikin ƙasa Marka tana jin kiɗan ƙwarya a sama da hayaniyar mata. Masu cikakken fiffike suka fita, aka ɗebi na ɗiba, sauran suka tashi. Sa'an nan surin ya tsage.

Marka ta fito. Mata suka ja da baya, ƙore suka zube. Tun ɓatanta ake nemanta a rijiyoyi da daji. Ga matan gari kaf, ga yara, ga maza sun ɗauko sungumi za su shuka sun tsaya a hanya. Kaka Dudu tana gaba, ta dogara sanda.

A waje aljanun sun koma gina kamar yadda ido ya saba gani. Suka biyo Marka suna hawa ƙafafunta da zanenta da hannuwanta da gashin kanta, har ta zama kamar an yaɓa mata ƙaiƙayi. Yayyafi ta maƙale a bayan kunnenta ta ce, "Mayafin."

Marka ta kwance mayafin ta sake shi a laka. Daga ita sai ɗaurin ƙirji, bayanta a fili.

Ta-Sallah ta ce, "Jama'a, me nake gani a bayan yarinyar nan? Fara ce ta haife ta?"

Wasu suka yi dariya. Fikafikan suka ɗauka, ginar da ke jikinta duk suka ɗauka tare. Ƙafarta ta rabu da ƙasa har zuwa tsawon gwiwa, ta tsaya nan tana lilo.

Yayyafi ta ce, "Bai isa ba. Ƙasa kike kallo, ita kuwa ta saba da ke. Ɗago."

Tun da Marka ta yi wayo ba ta taɓa ganin yadda ake kallonta ba, ji kawai take yi. Ta ɗago kai. Ta ga idanu, na Ta-Sallah, na mai unguwa, na kawunta da sungumi a kafaɗa, na yaran da ta goya. Ta ga na kakarta cike da hawaye.

Kaka Dudu ta ce, "'Yar nan, wa ya yi miki wannan?"

Marka ta ji muryarta ta fita, ta kai har bakin hanya. "Ni na jawo, Kaka. Na yi kiɗan gina da bazara, na fito da su ba su gama ba. Ni ce dungun-fiffike."

Dariya ta ɗauke. Tsofaffin mata suka dubi juna, suka dubi 'yan gajerun fikafikan da ke jikinta, wata ta sa hannu ta rufe baki. Shirun nan ya fi dariyar zafi nesa ba kusa ba. Marka ta ji kunya tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Bayanta ya yi ruri kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano, ƙasa ta sake ta.

Suka wuce kan surin, suka wuce kan farun da garin ya ci sunansa. Mutane suka koma kamar tsaba. A jikinta tana jin kowane ɗan fiffike yana aikinsa, ba wanda ya huta. Suka haye kogi, suka haye gonaki, sai da garin ya ɓace sa'an nan kunyar ta fara sanyi, suka yi ta saukowa a hankali har suka dira a wata fadama mai jar ƙasa.

Gina suka sauka daga jikinta. Kowace ta girgiza, 'yan fikafikanta suka faɗi, iska ta kwashe. Marka ta ji wani abu ya saki a bayanta. Ta waiwaya, ga nata biyu a ƙasa kamar busassun ganyen magarya.

Yayyafi ta hau kan yatsanta. Muryarta ta zama 'yar siririya. Ta ce, "Nan za mu gina namu. Kada ki zo da ƙwarya."

"Ba zan zo ba."

"Kuma kin zubar da naki. Daga yau sunan nan ya fita daga bakinki."

"Ke ma ai kin zubar."

"To, mu biyu ke nan." Ta sauka ta shige ƙasa.

Saura komawa, kuma da ƙafa ne. Marka ta yi ta tafiya, hannuwanta a rungume a ƙirji, har la'asar. Da ta hango katangun Tudun Faru ta tsaya a bayan wata bishiya, kunya ta taso mata sabuwa. Ta saurara. Bayanta shiru. Sai ta ga wata tsohuwa zaune a kan dutse a bakin hanya, da mayafi wankakke a cinya, bai gama bushewa ba.

Kaka Dudu ta yafa mata shi. Kafin ta rufe, ta shafa tabo biyu da ke kan allon kafaɗar. Ta ce, "Da zafi?"

"A'a, Kaka. Kallon ne da zafi."

"Ai kin rama. Kin kalle mu daga sama kamar shaho, har na ji ɗankwalina bai zauna daidai ba." Ta miƙe da sandarta. "Wuce mu je. Bana ma dai ba rabona, Sunkuyau."

Suna shiga gida Ta-Sallah ta leƙo ta kan katanga. Wannan karon ba mai a bakinta. Ta yi gyaran murya ta ce, "Marka, sannu da dawowa. Wai me kika kira kanki ɗazu? Dungun me?"

Marka ta dubi ƙasa kamar yadda ta saba. Sa'an nan ta ɗago kaɗan, daidai katangar, ta ce, "Ba ni da bakin faɗa yanzu, Inna Ta-Sallah. Ke kuwa ba ki taɓa samu ba."

A nan labarin ya sauka, ya zubar da fikafikansa.